Shekarar da Safiyya Ta Ce Panda

Anas, Bilkisu, Safiyya, na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi game da mahaifinku. Cewa ake yi Malam ya gama digirinsa na uku a Riyad, aka kira shi gida za a ba shi aiki a jami'a, ya ƙi dawowa saboda riyal ta yi masa daɗi. An faɗa a gabana a gidan suna, an faɗa a bayan idona, har a zaman makokinsa sai da wata ta maimaita, ƙasa-ƙasa dai, amma na ji. Shi bai taɓa kare kansa ba, ni ma ya hana ni. Yanzu ba ya nan, ni kuma ƙarfina ya fara ja baya, don haka zan rubuta muku yadda abin ya faru. Safiyya, ki yi haƙuri, zan yi maganarki kamar ba kya wurin, domin mafi yawan abin da zan faɗa ba za ki tuna shi ba.

A unguwar Malaz muke zaune, hawa na biyu, a wani tsohon bene da na'urar sanyaya ɗakinsa ke ɗigar da ruwa a kan matakala duk bazara. Ɗaki biyu ne da falo, kuma rabin falon littattafan Malam sun cinye shi. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya sha shayi a tsaye ya nufi ɗakin karatu na jami'a, ba na sake ganinsa sai bayan la'asar. Anas da Bilkisu kuna makaranta, Larabci ya riga ya zauna muku a baki, in yi muku magana da Hausa ku amsa mini da Larabci, in na yi faɗa ku ce "khalas ya Mama", wato ya isa haka, ku wuce. Gidan ba ya rabo da hayaniya, amma a tsakiyar hayaniyar akwai mutum guda da ba a taɓa jin muryarta da kalma ba. Safiyya ta shekara huɗu ba ta ce Mama ba, ba ta ce ruwa ba. In tana son abu sai ta kama hannuna ta ja ni ta ɗora shi a kan abin. Takan wuni tana jera takalmanmu a bakin ƙofa, babba zuwa ƙarami, in wani ya taɓa guda ɗaya sai kuka har ta shiɗe. Likita ya duba kunnenta ya ce lafiya lau take ji. Wani likitan ya faɗi sunan lalurar, ya ce mu yi haƙuri, wasu suna magana daga baya, wasu ba sa yi. Malam kullum da safe sai ya yi tofi a ruwan zamzam ya ba ta. Kakarku Iya, mahaifiyar Malam, kuwa duk lokacin da muka yi waya da Funtuwa magana ɗaya ce:

"Ku kawo mini ita gida. Yaro ba ya magana a cikin bene, ƙofa a kulle. Ta zo cikin 'yan uwanta ta ga kaji da awaki, bakinta zai buɗe."

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani Basudane ce, Muhandis Usman, injiniya a kamfanin ruwa. Ranar da na fara haɗuwa da matarsa a matakala na ɗauka 'yar aiki ce daga Indunusiya, har na tambaye ta ko uwar ɗakinta tana ciki. Ta yi dariya tana rufe baki da hannu, ta ce ai ita ce uwar ɗakin. Sunanta Noriko, mutuniyar Japan ce. A can Usman ya yi karatu, a can suka haɗu, ta musulunta, ta biyo shi. Ta girme ni kaɗan, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Larabcinta karyayye, nawa ma karyayye, amma sai muka fi fahimtar juna fiye da yadda nake fahimtar matan Larabawa da ke magana da sauri. Ni na koya mata dambun shinkafa, ita ta koya mini yadda ake dafa kifi ba ya farfashewa. Ku yara Khala Noriko kuke ce mata, wato Inna Noriko da Larabci.

Ranar da na fara shiga gidanta abin da ya ɗaure mini kai shi ne wata dabba da na gani ko'ina. A jikin kofi tana nan, a tawul tana nan, a ƙofar firij, har silifas ɗin da ta ajiye wa baƙi. Dabba ce ƙatuwa mai dabbare-dabbare, fari da baƙi, idanunta kamar an zizara mata kwalli ya zarce. Na daure na tambaye ta ko wani abin bauta ne na mutanensu da ta kasa rabuwa da shi. Ta yi dariya har da hawaye.

"A'a, Umm Anas. Panda ke nan. Ba ma tamu ba ce, daga ƙasar Sin ake kawo mana. Ba ta yin komai, gora kawai take ci ta kwanta. Amma duk ƙasarmu son ta ake yi, yaro da babba, har masu manyan muƙamai."

"To me kuke so a jikinta?"

Ta ce, "Wataƙila don mu ba ma hutawa. Sai mu je mu kalli wadda take hutawa a madadinmu."

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke, na bar ƙofa a buɗe saboda mai kawo gas, sai na nemi Safiyya na rasa. Na sauka ƙasa ba mayafi sosai, na tambayi mai gadin bene, na leƙa kantin da ke kusa. Da na hawo sai na ji wani kiɗa yana fitowa daga gidan Noriko. Na tura ƙofa, ga Safiyya zaune a ƙasa gaban wata tsohuwar rediyo mai kaset, tana rausaya kai. Waƙar yara ce, muryoyin yara ƙanana, kiɗan kamar na abin wasa, kuma ko ni da ban ji yaren ba ina jin kalmar panda tana ta dawowa. Noriko ta ɗora yatsa a baki ta yi mini alama in tsaya. Da waƙar ta ƙare Safiyya ta miƙe, ta kama hannun Noriko ta ɗora a kan rediyon. Amma kafin ta ɗora sai da ta kalli fuskarta. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta kalli idon wanda ba ɗan gida ba, ko mu ma ba kasafai ba. Noriko ta ce mini waƙar tun tana ƙarama aka yi ta, lokacin da aka fara kawo panda ƙasarsu mutane suka ruɗe, aka yi ta fitar da waƙoƙi da kayan wasa. Na ce me waƙar ke cewa, ta ce ba wata magana ba ce, shirmen yara ne kawai, panda ta ci, panda ta yi birgima, panda ta yi barci.

Daga ranar kullum da hantsi Safiyya sai ta tsaya a bakin ƙofarmu da takalminta a hannu. Ban ɓoye wa Malam ba. Kun san mahaifinku, ba a kunna kiɗa a gidansa, ko wayarsa sallama take yi in an kira. Na gaya masa yana cin abinci. Ya ajiye cokali.

"Maman Anas, kiɗa fa kika ce."

"Kiɗa ne, Malam. Amma ta kalli matar nan a ido."

"A ido?"

"Wallahi a ido."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci. Washegari bayan magariba ya tare Usman a ƙofar masallaci suka yi magana, ya dawo ya ce mini ya roƙi alfarma, in Noriko za ta yarda ta riƙa rera waƙar da bakinta ba tare da kaset ba, shi ba shi da matsala, ko sau nawa ne. Na ji kunyar kai mata saƙon, amma ita ko a jikinta. Ta ce muryarta ba daɗi, amma za ta gwada. Haka aka yi watanni, da sanyi ya shigo har ya fara fita, tana rerawa tana tafi, Safiyya tana rausaya kai. A ƙarshen kowane baiti Noriko takan ɗan dakata kafin ta faɗi kalmar panda, tana jira ko yarinyar za ta cike. Ba ta cikewa. Sai dai ta buɗe baki ta rufe. Bangon benen nan siriri ne, ranar da Malam yake gida yana rubutu duk yana ji, ban taɓa jin ya ce a rage murya ba.

Sai shekarar nan da girgizar ƙasa ta auku a Japan, teku ya haura ya shafe garuruwan bakin ruwa. Ranar Juma'a ce. Anas ne ya shigo ya ce ana nuna ƙasar su Khala a talabijin ɗin kanti, ruwa yana tafiya da motoci da gidaje. Na shiga wurinta na same ta tsaye da waya a kunne, tana kira tana sake kira. Mahaifiyarta tsohuwa ce mai zama ita kaɗai a ɗaya daga cikin garuruwan. Kwanaki aka yi ba labari. Usman ya daina zuwa aiki, ni nake kai musu abinci in ɗauko shi kusan yadda na kai. Daga baya wani ɗan uwanta ya kira ya ce unguwar babu ita gaba ɗaya, kuma ba a ga tsohuwar a cikin waɗanda suka tsira ba. Noriko ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da kujera, haka nake samunta kullum.

Duk kwanakin nan ina hana Safiyya shiga, tana kuka a bakin ƙofa da takalmi a hannu. Rannan na gaji na ce bari in tafi da ita, ko ganinta zai ɗan sa matar ta motsa. Muka shiga. Safiyya ta je ta zauna a inda ta saba zama, tana jira. Ba a yi waƙa ba. Ta miƙe ta kama hannuwan Noriko biyu ta haɗa su, alamar ta tafa. Hannuwan suka faɗi. Ta sake haɗa su, suka sake faɗuwa. Na yunƙura zan ɗauke ta, sai na ji wani sauti yana fita ta hancinta, karin waƙar ne, daidai, ba kuskure. Ta bi shi har inda Noriko ta saba dakatawa. Ta dakata ita ma. Sannan da wata murya 'yar ƙarama, a dishe, ta ce:

"Panda."

Ni dai ban san lokacin da na zube a ƙasa ba. Noriko ta ɗago ta kalle ta, ta ce da Larabci, "Me kika ce?" Safiyya ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, kamar mai jin haushi an ɓata mata lokaci. A nan matar nan ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da abin ya faru. Ta rungume yarinyar tana kuka tana rera waƙar, muryar tana karyewa, ni ma ina kuka ina hamdala. Da Malam ya dawo na gaya masa a bakin ƙofa tun bai cire takalmi ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya wuce ɗaki ya yi sujada ya daɗe, da ya ɗago yana murmushi ya ce:

"Shekara huɗu ina fatan kalmar farko ta zama Allah ko Abba. To, Shi ya fi mu sanin ƙofar da zai buɗe."

Ba a daɗe ba muka ga wani abu a talabijin ɗin Noriko da ya tsaya mini a rai. A babban birninsu an buɗe gidan namun daji bayan masifar, an fito da wasu panda biyu da aka kawo ba da jimawa ba, ga mutane sun yi layi kamar ba iyaka, da yara a kafaɗa. Na kasa yin shiru. Na ce mata ni fa ban gane ba, ana neman gawarwaki a can, a nan kuma ana layin kallon dabba. Na yi tsammanin za ta ji haushi, sai ta ce in zauna. Ta ce lokacin da aka kawo panda na farko tana 'yar firamare, mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba, mahaifiyarta tana aiki a wurin sarrafa kifi, hannunta kullum a tsage saboda ruwan sanyi. Ita kuwa ta dame ta da waƙar nan safe da yamma. Rannan uwar ta ɗauki hutu, abin da ba ta taɓa yi ba, suka hau jirgin ƙasa zuwa babban birni. Suka tsaya a layi tun safe har rana ta karkata. Da suka iso gaban kejin ma'aikata suna ta cewa a wuce kada a tsaya, panda kuma ta juya baya tana barci a lungu.

"Bayanta kawai muka gani, Umm Anas, kamar ƙiftawar ido. Na fara kuka. Sai na ji mahaifiyata tana dariya. Tun rasuwar babana ban ji dariyarta ba. Ta ce, kin ga mun zo daga nesa, ita ko ta damu. Muka yi ta dariya har tasha. Mutanen nan da kike gani a layi, kowa akwai wanda ya rasa, ko yake tsoron ya rasa. Suna so yaransu su ga wani abu da bai san an yi girgizar ƙasa ba."

Ban ce na gane duka ba, har yau. Amma na daina ganin abin a matsayin wauta.

Da hanya ta buɗe Noriko ta tafi Japan neman abin da ya rage na mahaifiyarta, ba ta san ranar dawowa ba. A lokacin Safiyya ta ƙara kalmomi kaɗan, tana cewa ruwa da Larabci, tana cewa Mama in ta ga dama. Tafiyar Noriko ke da wuya komai ya tsaya. Ta koma jera takalma, ta koma tsayuwa a ƙofar da ba a buɗewa. Na gwada rera waƙar, amma ni kunnena bai riƙe kalmomin ba, in na fara sai ta toshe kunne. Bilkisu ta gwada, ita ma aka toshe mata. Rannan bayan la'asar ina kicin ina yanka albasa, sai na ji muryar namiji a falo tana bin karin nan. Na leƙo. Mahaifinku ne, zaune a kan darduma da jallabiyarsa da gilashinsa, littafin hadisi a buɗe a gefe, yana tafa hannu yana rera waƙar yaran Japan kalma bayan kalma. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani yana yaro, abin da ya ji ta bango watanni ya zauna masa ba tare da ya nema ba. Ya kai wurin dakatawa ya dakata. Safiyya ta cike masa. Anas, kai ka fito daga ɗaki ka tsaya baki buɗe, ka ce:

"Abba, kai ne?"

"Ni ne. In ka faɗa wa abokanka a masallaci, ni da kai ne."

Kullum bayan la'asar sai ya yi mata. Daga nan ya fara sauya kalmar ƙarshe, ya sa ruwa, ya sa ƙofa, ya sa sunan Bilkisu, yana nuna abin da hannu, ita kuma tana gyara masa da fushi, wani lokaci ta maimaita sabuwar kalmar kafin ta gyara. Wata likita da muka koma wurinta ta ga haka ta tura mu wata cibiya ta koyar da yara irin Safiyya magana, ta ce yanzu ne lokacin, in aka bari ƙofar da ta buɗe tana iya rufewa. Aka karɓe ta. Akwai wata malama 'yar Jodan a wurin da Safiyya ta yarda da ita, abin da ba ƙaramin abu ba ne.

A daidai wannan lokacin Malam ya kare kundinsa, aka ba shi sakamako mai kyau. Tsohon malaminsa ya kira daga gida ya ce jami'ar jiharmu ta buɗe sabon sashe na hadisi, shi suke so ya zo ya riƙe, amma sai ya zo kafin a fara zangon karatu, don akwai masu nema. Wannan shi ne abin da mahaifinku ya bar gida dominsa. Tun muna sabon aure yake gaya mini yadda zai tsara darussa, littattafan da zai sa a karanta. Iya ta ji labari ta yi guɗa a waya. Ga shi kuma iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a kan karatunsa take, karatu ya ƙare ita ma ta kusa ƙarewa. Ya yi ta tambaya a gida ko akwai cibiya irin wannan kusa da mu. Aka ce sai dai Abuja ko Legas, su ma ba a tabbatar ba.

Wata Alhamis da yamma ya ce mu fita. Muka je lambun da ke gefen gidan tarihi a Murabba, inda iyalai ke shimfiɗa tabarma. Ku manya kuka tafi wasa, Safiyya tana zaune tana jera duwatsu. Ya ce mini wani mai kantin littattafai a unguwar Dira, da ke buga ƙananan littattafan addini da harsunan Afirka, yana neman wanda zai riƙa fassara masa zuwa Hausa yana kuma tsaron kanti, kuma ya yarda ya zama kafilinmu, wato wanda zamanmu zai koma ƙarƙashin sunansa. Na ce masa:

"Malam, da digiri uku za ka tsaya kanti kana ɗaure kwali?"

"Littattafai ne a cikin kwalin."

"Ka tafi kai kaɗai mana, mu mu zauna."

"Da wace iƙamar? Kuma wa zai yi wa Safiyya waƙa bayan la'asar?"

Na ce Iya fa, na ce Yaya Mudi, wansa, da ya riƙe gidan duk shekarun nan yana jiran ya dawo ya kama masa. Na ce mutane za su yi magana. Ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya ce:

"Sashen nan in ban je ba wani zai je, kuma zai iya. Ita kuwa ba ta da wani uban. Na yi istihara, Maman Anas, zuciyata ba ta motsa daga nan ba. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki gaya wa kowa a gida dalili. Ba na so yarinyar nan ta girma ana nuna ta ana cewa ita ce ta tare wa ubanta hanya."

Shi ya sa na yi shiru duk shekarun nan. Safiyya, yanzu kin girma, kin san kanki, kuma na tambaye ki kafin in fara rubutun nan kin ce in rubuta.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Yaya Mudi ya yi kusan shekara ba ya ɗaukar wayarsa. Aikin jami'a aka ba wani. Malam yakan fita da safe ya hau motar haya zuwa Dira, ya wuni a wani ɗan kanti a lungun da ke bayan tsohuwar ganuwar Masmak, tsakanin masu sayar da turare da masu sayar da darduma, 'yan uwanmu ma'aikata mutanen Maraɗi da Damagaram suna shigowa su gaishe shi su yi masa tambayar addini, shi ke nan ɗalibansa. Ya dawo bayan la'asar ya yi wa 'yarsa waƙa ya koma kanti. Noriko ta dawo bayan watanni, ta rame, an sami gawar mahaifiyarta an yi abin da ya dace. Ranar da ta buɗe ƙofa Safiyya ta kalle ta ta ce "Khala ta zo," kalma uku a jere. Mafi nauyin abin da muka biya shi ne Iya. Ciwonta ya tashi farat ɗaya, kafilin Malam kuma ya yi tafiya, ba wanda zai sa hannu a ba shi izinin fita. Kafin mutumin ya dawo an yi jana'iza. Mahaifinku ya zauna a falo da waya a hannu yana sauraron Yaya Mudi yana gaya masa wanda ya yi mata salla. Ban taɓa tambayarsa ko ya yi nadama ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Amma daga ranar furfura ta fito masa sosai. Ku kuma Anas da Bilkisu kuka ƙara nisa da Hausa, da muka dawo kuna jin 'yan uwanku suna yi muku dariya, wannan ma yana cikin kuɗin da aka biya, ban manta ba.

Sai da muka ƙara shekara bakwai a Riyad. Safiyya ta shiga makaranta irin ta kowa, tana karatu, tana gardama. Lokacin da muka tattara muka dawo, Noriko da Usman sun riga mu tashi, sun koma Japan da zama. Malam ya nemi aiki a jami'ar nan dai, aka ɗauke shi a ƙaramin matsayi, shugaban sashen kuwa wani ne da ya taɓa zama a gabansa yana ɗaukar karatu a zauren gidansu a Funtuwa. Na ji masa ciwo, shi kuwa ya ce yaron yana da ƙoƙari.

Safiyar da zai fara zuwa aiki yana zaune a tsakar gida yana duba abin da zai koyar, shayinsa yana hucewa. Safiyya tana tsaye a kansa, ta sha kayan sabuwar makarantarta, tana ta zuba. Hular da ya sa ba ta dace da rigar ba, me ya sa 'yan ajinsu suke ce mata Balarabiya, me ya sa akuyar maƙwabta take shigowa ba a yi mata magana, in an tashi shi zai zo ɗaukarta ko Yaya Anas, kuma in shi ne kada ya makara. Hausa tana haɗawa da Larabci, ba ta ko numfasawa. Ya karanta layi ɗaya ya sake karantawa, ya kasa. Sai ya ɗago ya ce:

"Safiyya, don Allah ki yi mini shiru haka nan."

Yana rufe baki ya tsaya cak. Ya juyo ya kalle ni ina bakin murhu, ni ma ina kallonsa. Sai ya fara dariya, ya cire gilashi yana goge ido da hannun riga, dariyar ta ƙi tsayawa. Safiyya ta ce me ta yi kuma. Ya rufe littafin ya ajiye a gefe, ya gyara zama.

"Ba ki yi komai ba. Ci gaba, ina jin ki. Akuyar me ta yi?"